BA A SUKAR ƊAN TAKARA ANA TSAKAR KAMFE? TO, SAI YAUSHE?

Akwai wata magana da take zama ruwan dare a majalisun Samaru da na Sabon Gari duk lokacin da gangar siyasa ta kaɗa. Da zarar wani ɗan jam'iyya ya buɗe baki ya ce ɗan takararmu na shugaban ƙasa ya yi kuskure a wuri kaza, ko kuwa har yanzu bai ce uffan ba game da abin da yake ci mana tuwo a ƙwarya, sai ka ji an yi masa ca. A ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, ya haƙura sai an ci zaɓe tukuna. In ya nace sai a raɗa masa suna. A ce an saye shi, a ce zagon ƙasa yake yi, a ce munafuki ne. Wannan kalma ta ƙarshe, wadda nauyinta a addininmu ya fi na duwatsun Kufena, ita ce yau ake jifan Musulmi da ita a teburin mai shayi, ba don ya yi ƙarya ko ya ci amana ba, sai don ya tambayi wanda yake neman ƙuri'arsa abin da zai yi da ita.

Mu kam muna ganin wannan magana yaudara ce, kuma talaka kaɗai ake yi wa ita. Hujjojinmu ba daga nesa za mu ɗauko su ba. Zaɓen 2023 ya ishe mu.

Mu fara da yadda ɗan takarar yake fitowa. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, ita kuwa PDP miliyan 40. Waɗanda suka zaɓi ɗan takarar APC wakilai uku-uku ne daga kowace ƙaramar hukuma, na PDP kuwa wakili ɗaya-ɗaya. Ke nan duk faɗin ƙaramar hukumar Sabon Gari, tun daga Muchiya da Chikaji da Dogarawa har zuwa Basawa da Bomo da Samaru, mutum uku ne suka yi magana da yawun 'yan APC, mutum ɗaya tak ya yi da yawun 'yan PDP. A haka Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371 a ranar 28 ga Mayu, Bola Tinubu kuma ya samu 1,271 a ranar 8 ga Yuni. Telan da yake ɗinkin tutar jam'iyya a kasuwar Sabon Gari ba a shawarce shi ba. Ɗan acaɓan da yake yawo da hoton ɗan takara a tankin babur ɗinsa daga Kwangila zuwa Samaru ba a tambaye shi ba. An gama komai a Abuja, sannan aka kawo masa sakamako aka ce ga naka. To, ranar fitar da ɗan takara ba shi da baki. Bayan rantsuwa kuwa kowa ya san akwai sojoji a ƙofa. Abin da ya rage masa 'yan watannin nan ne na yaƙin neman zaɓe, lokacin da mai nema yake buƙatarsa, yake sauko da gilashin mota, yake ɗaga masa hannu. Su ne kuma watannin da ake ce masa ya kame bakinsa. Muna tambaya: sai yaushe ke nan?

Kuma abin faɗa bai yi ƙaranci ba a wannan shekara. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Wanda bai zauna Samaru ba ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Garin nan da jami'ar Ahmadu Bello yake numfashi. In ɗalibai suka watse, mai ɗakin haya ya rasa ɗan haya, mai sayar da abinci ta kife tukunya, mai shagon buga takardu ya rufe, mai wanki da guga ya zauna yana kallon titi. An buɗe yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ranar 28 ga Satumba, ajujuwa na rufe. Ɗan APC na Samaru yana da haƙƙin ya ce wa ɗan takararsa: gwamnatin jam'iyyarmu ce ta rufe jami'a wata tara a 2020, ta sake rufe ta wata takwas a bana, kai me za ka yi dabam? Ɗan PDP ma ba shi da wurin ɓuya, domin gwamnatin jam'iyyarsa ce ta sa hannu a yarjejeniyar 2009, kuma a ƙarƙashinta aka yi yajin aikin kusan wata shida a 2013 saboda rashin cika ta. Shi ma yana da haƙƙin ya tambayi nasa. Wace cin amana ce a cikin waɗannan tambayoyi? Hausawa sun riga sun yanke hukunci tun da daɗewa: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu mu duba manyan da yaransu suke hana talaka magana, mu ga ko su sun kame nasu bakin.

A PDP, gwamnoni biyar ne suka yi wa ɗan takarar jam'iyyarsu tawaye a bainar jama'a: Nyesom Wike na Ribas, Seyi Makinde na Oyo, Samuel Ortom na Binuwai, Okezie Ikpeazu na Abiya da Ifeanyi Ugwuanyi na Inugu. Dalilin da suka bayar shi ne bai kamata ɗan takara da shugaban jam'iyya, Iyorchia Ayu, su fito duk daga Arewa ba. Amma kowa ya san jagoransu Wike shi ne ya zo na biyu a zaɓen fitar da gwani da ƙuri'a 237, kuma shi ne aka tsallake aka ɗauki Ifeanyi Okowa mataimaki. Sun yi wata da watanni suna taro, yau a Fatakwal gobe a Landan, suna yi wa Atiku tonon silili. Ranar zaɓe bai ci ko ɗaya daga jihohinsu biyar ba. Mene ne hukuncin jagoran wannan tawaye? A watan Agustan 2023 aka rantsar da shi ministan Babban Birnin Tarayya a gwamnatin APC, alhali katin PDP yana aljihunsa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaron da ya ce a majalisa bai gamsu da ɗan takara ba an kira shi maci amana, an cire sunansa daga rabon shinkafa. Wanda ya kayar da jam'iyyar a jiharsa an ba shi Abuja.

A APC ma haka. Da Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace a hannun jama'a a farkon 2023. Ba mu manta da layin da aka yi ta kwana a kai a ƙofar bankunan PZ ba, ba mu manta da manomin da ya kawo masara kasuwa ya koma da ita ba don babu mai tsabar kuɗin saye. Shi kansa ɗan takarar, Tinubu, ya tsaya a Abekuta ranar 25 ga Janairu ya ce ƙarancin mai da canjin kuɗi makirci ne na hana shi cin zaɓe, kuma gwamnatin da ta yi canjin ta jam'iyyarsa ce. Gwamnan jiharmu na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya fito a talabijin ya ce akwai wasu a fadar shugaban ƙasa da suke so jam'iyyar ta faɗi. Gwamnatinsa tare da ta Kogi da ta Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki, a ranar kuma El-Rufa'i ya yi nasa jawabin ya ce wa mutanen Kaduna su ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi duka. Saura kwana tara zaɓe. Ba mu ji wanda ya ce masa ba a fafe gora ranar tafiya ba. Tafi aka yi masa, kuma a wannan gaɓar ya cancanci tafin, domin jama'a suna cikin ƙunci kuma Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya ranar 3 ga Maris. Abin da muke cewa shi ne, in ya halatta gwamna ya ƙalubalanci shugaban ƙasa na jam'iyyarsa ana saura kwana tara zaɓe, me ya haramta wa mai faci a Hayin Dogo ya ƙalubalanci ɗan takara?

Akwai kuma waɗanda suka soki ɗan takarar kai tsaye. Babachir Lawal da Yakubu Dogara sun ƙi amincewa da ɗaukar Kashim Shettima mataimaki a watan Yulin 2022, saboda shi da Tinubu duk Musulmi ne. Daga baya na farko ya bi Peter Obi, na biyu ya bi Atiku. Hajiya Naja'atu Muhammad, wadda aka sani tun zamanin gwagwarmayar ɗalibai a jami'ar nan ta Samaru, ta ajiye muƙaminta na darakta a majalisar yaƙin neman zaɓen Tinubu a watan Janairun 2023. Ta ce ba ta gamsu da lafiyarsa ba, kuma da ta tambaye shi abin da ya tanadar wa Arewa ba ta samu gamsasshiyar amsa ba. Majalisar ta mayar da martani cewa ai korar ta aka yi, kuma 'yar leƙen asiri ce. Mai karatu yana iya yarda da ita, yana iya ƙin yarda, musamman da yake ba ta jima ba ta koma bayan Atiku. Amma ya lura da abu guda: an amsa mata da zargi, tambayar kuwa ta tanadin Arewa an bar ta a inda ta ajiye ta.

A nan ne za mu juyo kan 'yan'uwanmu, domin abin da ya fi ɓata mana rai ba daga 'yan jagaliya ya fito ba, daga wasu masu rawani ya fito. Da aka mayar da tikitin Musulmi da Musulmi tamkar wani rukunin addini, sai ƙofar tambaya ta rufe ruf. Wanda ya ce to, mun ji Musulmi ne, amma me zai yi da farashin mai, me zai yi da 'yan bindigar da suka hana noma a Giwa da Birnin Gwari, sai a ce yana taimaka wa maƙiya Musulunci. A ɗaya ɓangaren kuma wanda ya tambayi Atiku sai a ce yana yaƙar Arewa, tun da shi ma ya tsaya a Gidan Arewa da ke Kaduna a watan Oktoban 2022 ya ce ɗan Arewa nasa yake buƙata, ba Bayarabe ko Ibo ba. Ɗaya ya fake da addini, ɗaya ya fake da yanki, talaka kuma an ce ya zaɓi inuwar da zai yi shiru a ƙarƙashinta.

Hujjar da ake kawowa daga littafi ita ce wai nasiha ga shugaba a asirce ake yin ta, kuma ambaton aibin Musulmi giba ne. Mu duba ta da idon basira. Na farko, ɗan takara ba shugaba ba ne. Babu mubaya'arsa a wuyan kowa. Mai neman aiki ne, ya zo da kansa ya ce a ba shi amanar mutane sama da miliyan 200. Matsayinsa ya fi kusa da na mai neman aure, kuma babu malamin da ya ce in uban yarinya ya tambaye ka halin manemi ka rufe masa abin da ka sani. Imam Nawawi, Allah Ya yi masa rahama, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga cikinsu akwai faɗakar da Musulmi da kuma ba da shawara ga wanda zai ƙulla aure ko ciniki ko ajiyar amana. In ya wajaba a faɗi gaskiya a kan wanda za a ba 'ya ɗaya, ina ga wanda za a ba baitulmali da sojoji da makarantu na shekara huɗu? Na biyu, ina ƙofar asirin? Wanda ya ce wa talakan Jushi ya je ya yi wa ɗan takara nasiha a asirce, to ya ba shi kuɗin mota zuwa Ikoyi ko Asokoro, ya kuma gaya wa masu gadi su buɗe masa. Masu iya ganin ɗan takara a asirce mun ga fitowarsu, ba mu ga alamar nasiha ce ta kai su ba.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Malaman sira sun kawo cewa ana gab da gwabzawa a Badar wani sahabi, Hubabu ɗan Munzir (RA), ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da aka ce dabara ce ya nuna wani wurin, aka kuma tashi aka koma. Sayyidina Abubakar (RA) a huɗubarsa ta farko da kansa ya nemi a miƙar da shi in ya karkace. A ƙasarmu kuwa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma waziri a jama'arsa, ana tsakar jihadi a 1807 ya ga son duniya da son sarauta sun fara shiga rundunar. Bai ce a bari sai an ci Alƙalawa ba. Ya faɗa, ya rubuta, har ya bar rundunar ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya wallafa musu Diya'ul Hukkami. Babu wanda ya isa ya kira Abdullahin Gwandu munafuki. To, in jama'ar Shehu ba ta fi ƙarfin gyara daga cikin gida ba, wace ce APC, wace ce PDP?

Ko a siyasar jam'iyyu wannan yanki ba baƙon faɗin gaskiya ba ne. Sabon Gari ce ta haifi Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri a zamanin NEPU saboda bakinta. Kuma lokacin da PRP ta dare gida biyu a 1980, Santsi da Taɓo, malaman jami'a daga Samaru irin su Dokta Yusufu Bala Usman suna cikin waɗanda suka tsaya tare da gwamnoni Balarabe Musa da Abubakar Rimi suka saɓa wa Malam Aminu Kano, mutumin da ya yi musu takarar shugaban ƙasa a 1979, wanda kuma babu mai zarginsa da tara abin duniya. Ba muna yabon yadda rikicin ya ƙare ba ne. An amsa saɓani da kora, gaba ta yi tsanani, aka tsige Balarabe a watan Yunin 1981, kuma zuwa zaɓen 1983 jihar Kaduna ta koma hannun NPN. Jam'iyyar da ba ta da wurin ajiye saɓani, kora kaɗai ta iya, ita ma ba ta tsira ba.

Su masu hana magana suna zaton in sun toshe bakin mutum sun samu ƙuri'arsa. Alƙaluman jiharmu sun ƙaryata su. A 2019 Buhari ya samu ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a jihar Kaduna. A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, ɗan takarar APC ya samu 399,293, Atiku ya samu 554,360, Obi 294,494. Kujerun sanata uku duk suka tafi PDP. A nan Sabon Gari, Garba Datti Muhammad wanda ya daɗe a Majalisar Wakilai ya sha kaye a hannun Sadiq Ango Abdullahi. Mako uku bayan haka Uba Sani ya ci gwamna da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba. Waɗannan dubban ɗaruruwa da suka zame ba daga sama suka faɗo ba. 'Yan gida ne, waɗanda suka yi ta gunaguni a kan yajin aiki da rashin tsaro da ƙarancin kuɗi ana ce musu su yi shiru. Sun yi shirun. Wasu suka dangwala wa wani, wasu suka yi zamansu a gida, har ya zama a faɗin ƙasa waɗanda suka fita zaɓe ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba.

Sai dai asarar jam'iyya ba ita ce damuwarmu ba. Damuwarmu ita ce tambayar da ba a yi ba. Tinubu da Atiku da Obi dukansu sun faɗa a lokacin kamfe, ba a ɓoye ba, cewa za su cire tallafin man fetur. Wannan ita ce magana mafi girma a zaɓen ga mai babur da mai injin niƙa da manomin rani, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta a mimbarori da majalisu. Da magoya baya sun tsare nasu ɗan takarar tun a lokacin, sun ce in ka cire me za ka sa a madadinsa, a wane wata, kuma wa zai ɗauki nauyin, da aƙalla an samu alkawarin da za a riƙe shi da shi. Ba a yi ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabin rantsuwa aka sanar da cewa tallafi ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A watan Agustan 2024 matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, kuma a nan cikin Samaru harsashin soja ya kashe wani yaro ɗan shekara 16, abin da rundunar sojan da kanta ta amsa. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyayensa haƙuri. Da yawa daga waɗanda suka fito titi a ranakun nan su ne suka yi ta ihun sai wane a 2023. Maganar da aka hana su faɗa wa ɗan takara lokacin da yake roƙonsu, ita ce suka zo suna faɗa wa bakin bindiga.

Kada wani ya ɗauki wannan rubutu a matsayin lasisin zagi. Yi wa dattijo izgili a kan tsufansa ko rawar hannunsa ba nasiha ba ce. Ƙaga masa abin da bai yi ba zunubi ne ko da kafiri ne, balle Musulmi. Aibanta ƙabilarsa jahiliyya ce. Haka nan wanda yake suka da safe don a kira shi da dare a sallame shi, wannan ciniki yake yi, kuma alamarsa ba ta ɓuya: ranar da aka ba shi muƙami ranar aibin ɗan takara yake warkewa. Wanda muke karewa shi ne mutumin da bai nemi komai ba, yana nan cikin jam'iyyarsa, watakila ma ita zai zaɓa, amma ya ƙi yarda a ce ƙuri'arsa ta zo haɗe da harshensa.

Saboda haka kiranmu ga limamai da kwamitocin masallatai na Samaru da Palladan da Hanwa da cikin Sabon Gari shi ne, duk lokacin da wakilan 'yan takara suka zo neman a ba su dama su gaisa da jama'a bayan sallah, kada a karɓi buhu a yi addu'a a tashi. A sa musu sharaɗi cewa za su zauna a yi musu tambaya, kuma 'yan jam'iyyarsu ne za su fara yi. A tambaye su nawa buhun taki zai kai a daminar farko, wace hanya za a bi ɗan mai gadi ya iya biyan kuɗin rajista a jami'ar da ubansa yake gadi, kuma wane ne za a kama in aka sake rufe ta wata takwas. A sa wani ɗalibi ya rubuta amsar da kwanan wata da sunan wanda ya bayar, a ajiye a hannun sakataren masallaci. Wakilin da ya ce ba a ba shi izinin amsawa ba, a ce masa ya koma ya karɓo.